Fim ɗin da har bashin shago ake rerawa

Jiya da dare na sake kallon Les Parapluies de Cherbourg, har yanzu raina bai dawo daidai ba. Jacques Demy ne ya shirya shi a Faransa, ya fito a 1964, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes na shekarar.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun saba a dakatar da labari, a yi waƙa, a dawo. Demy bai dakatar da komai ba. Tun daga farko har ƙarshe babu magana tsura, komai rerawa ake yi kan kiɗan Michel Legrand. Bakanike da mai mota, uwa tana kukan bashin shago, duk a waƙa. Da farko kunne kan ƙi, can gaba sai ka manta ma waƙa suke yi.

Catherine Deneuve ce Geneviève, tana taya mahaifiyarta sayar da lema. Saurayinta Guy bakanike ne. Aka kai shi yaƙin Aljeriya, ya bar ta da ciki, wasiƙa ta yi wuya, uwa ta matsa, Geneviève ta auri mai fataucin lu'ulu'u. Abin da ke kama ni shi ne babu mugu a labarin. Uwar tsoron talauci take, mijin kuma mutumin kirki ne. Bangon ɗakunan nan masu ruwan hoda da kore shar, kamar kayan sallah, amma mutanen ciki zuciyarsu na ƙuna. Masu cewa fim ɗin zaƙi ne kawai, ina jin ba su kai ƙarshe ba.

Demy ya rasu a 1990, matarsa Agnès Varda ta tsaya aka farfaɗo da launukan fim ɗin. Darakta Damien Chazelle bai ɓoye ba cewa daga nan fim ɗinsa La La Land na 2016 ya sha nono.

Amma ni wurin da ke tsaya mini a wuya shi ne ƙarshen fim ɗin, Disamba 1963. Ƙanƙara na zuba, Geneviève ta tsaya shan mai, ashe gidan man Guy ne. 'Yarsu na cikin mota. Ta tambaye shi ko zai so ganinta, ya ce a'a. Ta ja mota ta tafi, matarsa da ɗansa suka dawo, ya shiga wasa da yaron a cikin ƙanƙara.