Farfesan da ke cikin labarinka ba ƙamus ba ne

'Yan uwana marubuta, akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai a labaran da muke rubutawa, musamman waɗanda ake saki babi-babi a Wattpad da WhatsApp. Da zarar an shigo da likita, ko lauya, ko farfesa, sai bakinsa ya kumbura. Ko ruwa zai roƙa sai ya ce "bisa la'akari da". Yadda zai yi jawabi a ɗakin taro haka zai yi wa mahaifiyarsa magana, haka zai yi wa ɗansa ɗan shekara 4. A ina kuka taɓa ganin irin wannan mutumin?

Ku dubi wannan. Mata ce tsaye a ƙofar ɗakin majiyyata, hannunta na rawa, marubuci ya sa likita ya ce mata: "Bisa binciken ƙwaƙwaf da muka gudanar, ya bayyana ƙarara cewa majiyyacin yana fuskantar gagarumin ƙalubale ta fuskar lafiya." Me aka gaya wa baiwar Allah nan? Babu. Likitan da ya san aikinsa cewa zai yi: "Zauna tukuna, Hajiya. Ƙodarsa ɗaya ta daina aiki, ɗayar kuwa lafiyarta lau, kuma mutum na rayuwa da guda ɗaya. Dalilin ne ban tabbatar ba, sai gwajin gobe ya fito." Babu kalma mai nauyi ko ɗaya, amma kana ji ka san ya yi karatu. Ya san abin da zai fara faɗa, ya raba abin da ya sani da wanda yake zato, ya kuma auna abin da zuciyar matar za ta iya ɗauka.

Nan ne nake ganin ilimi yake bayyana a baki. Lauya ba ya saurin cewa "ya yi sata", sai dai "ana tuhumarsa", domin ya san nauyin kalma a gaban alƙali. Malamin fiƙihu idan aka kawo masa mas'ala yakan fara da tambaya, ya ce "akwai saɓani", sannan ya faɗi inda ya karkata. Mai ƙaramin sani ne ke yanke hukunci nan take, shi ne kuma ya fi son manyan kalmomi, don haka idan irinsa kake son zanawa, to, ka cika masa baki da su, sun dace da shi.

A littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, babban malami ne ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, kuma da Hausa miƙaƙƙiya yake bayarwa. Natsuwarsa ce ke nuna malantarsa.

Wani abin kuma shi ne cusa Turanci ko Larabci don a nuna an yi karatu. Gaskiya ne masu ilimi na surka harshe, amma suna duba wanda ke gabansu. Farfesan da ke surka Turanci da abokin aikinsa, in ya durƙusa gaban kakarsa Hausa zalla zai yi. Ka nuna mana wannan sauyin, domin a nan mai karatu ke gane halinsa. Ka bar shi ya fusata har maganarsa ta kakkarye. Ka bar shi ya rasa ta cewa ranar da aka yi masa rasuwa.

Kafin ka saki babi na gaba, ka karanta maganar tauraronka da ƙarfi, ka ji ko numfashinka zai kai ƙarshen jimlar. Idan lauya kake rubutawa, ka je kotu ka zauna a bencin baya ka saurari yadda suke jera hujja, da yadda muryarsu ke sauyawa in sun fito waje suna gaisawa.