Ku Daina Tura Mana Tayil Mai Sheƙi Mu Shimfiɗa a Banɗaki

Akwai wani rainin hankali da masu sayar da tayil suka mayar sana'a, kuma ni dai na gaji da haɗiye shi. Mutum ya shiga shago ya faɗa da bakinsa cewa banɗaki yake gyarawa, wurin da ruwa da kumfar sabulu ba sa rabuwa da ƙasa, amma kafin ya rufe baki an ja shi gaban wanda ya fi kowanne ƙyalli. "Alhaji, wannan ake yayi yanzu." Wa ya tambaye ka yayi? Otal na ce maka zan buɗe?

Dubi yadda suke jera kayan ma. Tayil yana tsaye a jikin bango, a bushe ƙayau, fitilu sun haske shi ta ko'ina. Kai kuwa a kwance za ka shimfiɗa shi, a jiƙe za ka taka shi, ba takalmi, ido a rufe saboda sabulu, wani lokaci ma a kan ƙafa ɗaya kana cuɗa ɗayar. Kyan ɗan maciji ke nan. Na tambayi wani yaron shago ko tayil ɗin da yake ta yabo yana da santsi, sai ya shafa shi da busasshen tafin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ka gani, Alhaji? Ko kaɗan." Busasshen hannu a kan busasshen tayil! Da irin wannan gwajin ai babu tayil a duniya da zai faɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, santsi ana auna shi. Yana da lamba, kuma masana'antun kirki suna buga lambar a jikin kwali ko a takardar bayanin kayan. A Jamus aka fito da gwajin da ya fi yaɗuwa: a shimfiɗa tayil a kan wani dandamali, mutum ya hau yana takawa gaba da baya, ana ɗaga gefe ɗaya a hankali har ƙafarsa ta zame, sai a rubuta inda karkatar ta kai. Daga nan aka samo lambobin R9 zuwa R13. R9 shi ne matakin da ya fi ƙanƙanta, ƙafa na zamewa tun tsakanin digiri 6 da 10, R13 kuwa sai an wuce digiri 35. To mai shagon da ya nuna maka R9 yana washe baki wai mai hana santsi ne, mafi rauni a cikin jerin ya nuna maka. Kuma ko wannan lambar ba don mai wanka aka yi ta ba, domin da takalmin aiki ake yin gwajin bayan an malale tayil ɗin da mai. Gwajin ƙafa ba takalmi daban yake, da ruwan da aka ɗiga wa sinadarin sabulu ake yin sa, sakamakon kuma A ne ko B ko C. A daga digiri 12, B daga 18, C daga 24. Wurin shawa B ake so. Amurkawa nasu ma'aunin daban ne: tun 2012 suka tsayar da 0.42 a matsayin mafi ƙarancin riƙon ƙafa ga tayil ɗin cikin gida da za a riƙa takawa a jiƙe. Duk wannan a rubuce yake, ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma ka ambaci ɗaya daga ciki a shago ka ga irin kallon da za a yi maka, wai ga mai iyayi ya zo.

Ban ce dole yaron shago ya haddace digiri ba. Amma ubangidansa da ya san girman kowane tayil, ya san ƙasar da aka yi shi, ya san guda nawa ne a kwali, shi ne zai rasa sanin abu ɗaya tak da zai hana tsohuwa karya ƙugu? Ko ya sani ko bai sani ba, bai damu ba, tunda mai sheƙin shi ke fita da sauri.

Kada wani ya ce ina zuzuta magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. In ka cire haɗarin hanya, babu tsautsayin da ya kai shi kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Ba duka a banɗaki ba ne, na yarda. Amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa ƙirga na banɗaki kaɗai: a shekarar 2008 kimanin mutum 234,000 'yan shekara 15 zuwa sama aka kai asibiti da raunin da suka ji a banɗaki, kuma kusan kashi 81 cikin ɗari faɗuwa ce ta jawo. Ɗaki ne ƙarami. In ka zame babu inda za ka faɗa sai kan masai, ko bakin kwanon wanke hannu, ko kan famfo.

Daga baya me ake yi? A je a sayo tabarmar roba a rufe tayil ɗin da aka kashe wa kuɗi don sheƙinsa. Ɗaga tabarmar bayan 'yan kwanaki ka ga abin da ke ƙarƙashinta: baƙin gansakuka, yauƙi, wari. Ita kanta in ta yi yauƙin zamewa take.

Wata amsar da ke ba ni haushi ita ce "ai wannan foselin ne." Ka tambayi santsi, a ba ka amsar shan ruwa. Foselin ana gasa shi da wuta mai ƙarfi, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, kuma hakan alheri ne a banɗaki, ban musa ba. Sai dai foselin ɗin da aka goge har ya yi sulɓi, in ruwan sabulu ya hau shi, ba ruwansa da ingancinsa, kayar da kai zai yi. Sannan ga masu lallaɓa ka wai ka shimfiɗa na bango a ƙasa don launi ya dace. Tayil ɗin bango sau da yawa yana shan ruwa fiye da kashi 10 cikin ɗari, ba shi da kauri, ba a yi shi don a taka ba. Juya shi ka ɗiga ruwa a bayansa, kana tsaye zai shanye. Mai shagon ya san haka sarai. Haka mai tallar dutsen mabul ba zai gaya maka cewa da yawa daga cikin magungunan wanke banɗaki masu asid ne ba, kuma asid yana cin mabul, ya bar masa tabon da ba ya gogewa.

Sai batun girma, wanda nan ne mai shago da mai sa tayil suke haɗa kai ba tare da sun san juna ba. Manyan tayil ake so yanzu, santimita 60 da 60, har da 60 da 120, wai don kada a ga layi. Ƙasan wurin wanka kuwa dole ya gangara zuwa magudanar ruwa, kimanin santimita 2 a kowace mita. In magudanar a tsakiya take, gangaren daga kusurwa huɗu zai zo. Yaya babban falle da ba ya lanƙwasa zai bi gangare huɗu? Ko a yanka shi a karkace daga kowace kusurwa, aikin da ke buƙatar haƙuri, ko tun farko a sa doguwar magudana a gefen bango ta yadda gangaren zai fuskanci wuri ɗaya. Mai gaggawa ba ya yin ko ɗaya. Shimfiɗawa yake a miƙe, ya karɓi kuɗinsa.

Na ga banɗakin da aka yi wa haka. Sabo fil, ko ledar jikin famfo ba a cire ba. Aka sakar da shawa, ruwa ya bi ta gefen magudanar ya wuce abinsa, ya je ya taru a bayan masai, ragowar ya nufi ƙofa. Murfin magudanar yana nan a bushe, domin ya fi abin da ke kewaye da shi tudu. Kowa ya yi wanka a gidan sai ya ɗauki tsintsiya ya kora ruwa da hannunsa, kullum, har ranar da za a fasa. Aka kira wanda ya yi aikin, ya tsuguna ya ƙura wa ruwan ido, ya ce, "Maigida, ai in ya jima zai bushe." Zai bushe! Don Allah wannan magana ce?

Shi ya sa ni a wurin wanka ƙananan tayil nake so, santimita 5 zuwa 10. Suna bin gangare duk yadda ya karkata, kuma yawan layukan da ke tsakaninsu yana riƙe tafin ƙafa. Ba zan ɓoye ba, layi mai yawa wanki mai yawa ne, kuma tayil mai kaushi da yawa shi ma yana riƙe dauɗa. Na gwammace in riƙe buroshi da in riƙe sandar guragu.

Ko da ka yi sa'a ka zaɓi tayil na gari, saura abin da ke ƙarƙashinsa, wanda ba za ka ƙara gani ba da zarar an rufe. Akwai masu ɗora dunƙulen siminti ko gam guda biyar a bayan tayil, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, su danna, su wuce. Sauri ne a gare su, kuma yana ɓoye musu ƙasan da ba su daidaita ba. Ƙa'idar aikin a wuri mai ruwa ita ce gam ya kama aƙalla kashi 95 cikin ɗari na bayan tayil, a baza shi da cokali mai haƙora. Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa bayan ya bushe. Inda ya kama za ka ji sauti a cushe, inda babu komai za ka ji ƙwal-ƙwal. A wannan ramin ruwa ke kwanciya, daga nan warin da aka rasa tushensa ke fitowa, kuma nan ne tayil ke tsagewa ranar da wani abu mai nauyi ya faɗo.

Simintin da ake cike layukan da shi kuma ba ya hana ruwa wucewa, yana tsotsa. Abin da ke tsare gini shi ne shafen hana yoyo da ake yi a ƙasa da gindin bango kafin a ɗora tayil, da silikon a inda ƙasa ta haɗu da bango domin wurin yana motsi. Mutum nawa aka gaya wa wannan kafin a fara aiki? Sai bayan watanni fentin ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara kumbura yana ɓarewa, sannan a shiga jifan juna. Mai shago ya ce mai sawa ne bai iya ba. Mai sawa ya ce mai famfo ne ya bar bututu yana ɗiga. Mai famfo ya ce tayil ɗin ne na banza. Kowannensu ya ci kuɗinsa ya wanke hannu, mai gida shi kaɗai zai biya kuɗin fasawa da na sakewa.

Ga kuma ƙaramin ha'incin da ake yi a wurin loda kaya. Kowane kwali yana ɗauke da lambar zubin da aka gasa shi, domin zubi biyu na tayil iri ɗaya kan bambanta a launi, har a girma da ɗan kaɗan. Su haɗa maka zubi biyu ba su ce komai ba, sai an shimfiɗa ka ga rabin banɗaki ya fi rabi duhu. Ba kuma za su tuna maka ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa ba. In ya gaza ka koma, amsar a shirye take: "Ayya, wannan an daina kawo shi."

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Mai shago ya rubuta lambar santsi a jikin samfurin, kusa da girma da launi, wuri bai ƙare ba. Ya sayar mini da falle ɗaya in ajiye a ƙasa, in zuba ruwa da sabulu, in dafa bango in taka da ƙafata, ba sai ya ce dole in ɗauki kwali guda ba. Shi kuma mai sa tayil, bayan shafen hana yoyo ya bushe, a toshe magudanar, a tara ruwa ya kwana awa 24 mu ga ko ya ragu, sannan a buɗe mu ga ko duka zai bi hanyarsa ya fita. Kafin nan ko falle ɗaya ba za a ɗora mini ba. Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, ya ɗauki cokalinsa ya ƙara gaba.