Kafin Kolmani ta fara fitar da mai, a faɗa mana inda ruwanta zai tafi

Tun ranar 22 ga Nuwamban 2022 da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, maganar da ke bakin kowa ita ce ganga biliyan ɗaya da aka ce tana kwance a ƙasa, da ayyukan yi, da kason nan na 13 cikin 100 na kuɗin mai da ake ba jihohin da ke samar da shi. Ba mai tambayar ruwa. Alhali kuwa rijiyar mai ta fi fitar da ruwa a kan mai: a ƙiyasin da aka saba yi, kowace gangar ɗanyen mai tana fitowa da kusan ganga uku na ruwa, kuma rijiya na tsufa ruwan na ƙaruwa.

Ruwa ne da ko akuya ba za a ba ta ba. Akwai gishiri mai yawa a cikinsa, da maiƙo, da ƙarafa masu guba, da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. A wani rahoto da ta fitar a 2011, Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ta auna rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da ke ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, ta tarar benzin ɗin da ke ciki ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya sau 900. Haka gubar mai ke yi idan ta isa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Manomi da makiyayi a Alkaleri da Akko, ƙananan hukumomin da Kolmani ke cikinsu, kuwa rijiya da burtsatse da rafi ne kaɗai madogararsu.

Tsohuwar dabara ita ce a tara ruwan a tanki, mai ya taso sama a kwashe. Wannan ba ya taɓa gubar da ta riga ta narke. Shi ya sa nake goyon bayan haɗa matakai biyu. Da farko a sa wa ruwan iskar ozon, ko haidirojin feroksaid tare da sinadarin ƙarfe, su farfasa gubar da ta narke. Sannan a tura shi da ƙarfin famfo ta cikin jerin tantanin tacewa masu ƙofofin da ido ba ya gani, na ƙarshensu har gishiri yake tarewa. Kowane ɗaya shi kaɗai gurgu ne. Ozon ba ya cire gishiri, tantani kuma maiƙo na toshe shi, kamar yadda rariya ke liƙewa idan an tace abu mai danƙo. Idan an fara farfasa maiƙon, tantanin ya fi daɗewa yana aiki.

Kamfani zai ce da tsada, kuma gaskiya ne. Aikin na cin wuta, ragowar ozon na iya cinye tantanin roba in ba a kula ba, sannan akwai ruwan gishiri mai kauri da ke saura, wanda dole a mayar da shi can ƙarƙashin ƙasa ta rijiyar da aka killace da siminti. Amma a dubi Chadi: a 2013 sai da gwamnati ta dakatar da kamfanin CNPC na ƙasar Sin saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, bayan ɓarna ta riga ta auku. Su kuma mutanen Ogoni an ce musu gyaran ƙasarsu zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, tana da ikon sa wannan cikin sharuɗɗan lasisi. Ta sa shi yanzu, tun ba a fara ɗibar mai gadan-gadan ba. Gwamnatocin Bauchi da Gombe su auna ruwan rijiyoyin ƙauyukan yankin a yau, su wallafa sakamakon da Hausa da Fulfulde, don gobe idan ruwa ya canza ɗanɗano kada wani ya ce dama haka yake.