Ku bar yarinyar nan da robar maganinta

Wato har yanzu ba ku gaji da yaɗa hoton jakar yarinyar nan ba? Ƙawa ta buɗe jakar ƙawarta, ta ga robar magani, ta ɗauki hoto ta watsa, ku kuma kafin la'asar kun gama yanke hukunci: ƙanjamau gare ta. Sannunku da aiki, manyan likitocin Facebook.

PrEP ne, maganin kariya. Ba a ma ba mutum shi sai an gwada jininsa an tabbatar ba ya ɗauke da cutar. Ƙwaya ɗaya ce kullum. Abin da ya fi ƙona min rai, ku ɗin nan ne gobe za ku dawo kuna cewa 'yan mata sakaci gare su, an ba su magani kyauta sun ƙi sha.

To ta yaya za ta sha? Ku gaya min. Robar kamarta ɗaya da ta masu jinyar cutar, har sinadarin tenofovir yana cikin duka biyun. Ta motsa jaka, ƙwayoyin su hau ƙara. Ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta, goggo kuma ba ta shigowa sai ta ɗaga katifa. Sai ta juye ƙwayoyin a takarda ta cusa cikin kayan kwalliya. Ranar da baƙi suka kwana ta tsallake, satin biki ta tsallake gaba ɗaya. Amaryar da mijinta ke dogayen tafiye-tafiye kuwa, in ya gani tambaya biyu ce: zargina kike yi, ko ke ce ke bin waje? Duk wadda ta amsa, aurenta ne ke rawa.

Gorinku ne yake hana su sha. Gori, ba mantuwa ba.

An ga haka tuni. A 2011 aka dakatar da wani gwajin ƙwayar a kan mata mai suna FEM-PrEP a Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, don ba a ga tana kare su ba, daga baya aka gano da yawa daga matan ba sa shan ta. A wani gwajin mai suna VOICE ma matan sun ce suna sha, amma da aka duba jini, waɗanda aka ga maganin a jikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Da aka zauna da su daga baya, cikin dalilan da suka kawo har da tsoron a ce suna da cutar. Sai ga 2024, aka fitar da sakamakon gwajin allurar kariya mai suna lenacapavir, sau ɗaya duk wata 6, a Afirka ta Kudu da Yuganda. 'Yan mata sama da 2,000 aka yi wa, ko ɗaya ba ta kamu ba. Halinsu ne ya canza? Allura dai ba ta zama a jaka balle ƙawa ta ɗauki hotonta.

Na san masu "ai da ta kama kanta" suna nan tafe. Ku ajiye. Akwai wadda ba ta taɓa sanin namiji ba sai mijinta, a ɗakinta cutar ta same ta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna matan Najeriya 'yan shekara 20 zuwa 24 sun ninka takwarorinsu maza fiye da sau uku wajen ɗauke da ita. Kai kuma mai wa'azin sakaci, maganin maleriya na kwana 3 ka taɓa gama shi?

'Yar uwa, in kina karanta wannan, don Allah kada ki yar da maganinki. Ki koma wurin wadda ta ba ki, ki tambaya ko allurar ta iso asibitinku.

Wai ma tsaya. Mai maganin gargajiyar nan da ke ajiye mota a bakin kasuwa, ya ɗora lasifika yana rantsuwa garinsa na kashe ƙanjamau cikin sati biyu, yana zuba batsa a gaban yara, shi wa ya taɓa watsa hotonsa? Layi ma ake yi masa, rabinsu magidanta da manyan riguna.