Kular da Inna Ta Kai wa Baƙi

Karatuna a jami'a leƙen laka ne. Ana kafa bututu a ƙasan tafki, irin Tizon da ke gefen Ngaundare a Kamaru, a zaro laka mai tsawon mitoci, ta can ƙasa ta girmi ta sama da dubban shekaru. Mu kuma mu yayyanka ta, mu wanke da asid, mu sa a madubin kimiyya muna ƙirga ƙwayoyin funfuna. Wadda nake farauta sunanta Sporormiella, a kan kashin dabbobi masu cin ciyawa take tsirowa. Duk inda ta yi yawa a cikin laka, alama ce a zamanin nan garke na yawan sauka bakin ruwan.

To ƙwayoyin nan duk baƙaƙe ne ƙanana, ga 'yan uwanta Sordaria da Podospora suna ruɗa ni. Malaminmu ya ce in ina so idona ya saba, in samo kashin saniya, in jiƙa, in rufe a mazubi ya yi makonni har funfunar ta fito da kanta. Na je kara na tsinto, wani Bafulatani yana kallona yana girgiza kai. A gida na rasa mazubi mai murfin kirki sai sabuwar kular Inna, wadda Yaya ta kawo mata daga Makka. Na tura ta ƙarƙashin gado.

Ranar Asabar kawunnan Hadiza, wadda zan aura, suka zo ganin gidanmu, kafin maganar sa rana. Inna ta aiki ƙanena ya nemo kular. Yaro ya ji nauyi, ya ɗauka an riga an zuba dambu, ya wuce da ita zaure kai tsaye.

Ina shigowa babban kawu yana cewa bismillah, ya ɗaga murfi. Wari ya buge shi, ga farin gashi ya lulluɓe abin. Wallahi funfunar ta tsiro da kyau, har na ji daɗi.

"Yaro, mene ne wannan?"

"Kawu, bincike ne. Da shi ake gane ko shanu sun yi kiwo a wuri shekara 3,000 da suka wuce."

Ya mayar da murfi a hankali, ya dubi Baba.

"Alhaji, shekara nawa ya rage masa ya gama? Kuma in ya gama, a ɗakin wa za a riƙa ajiyewa?"

Daga tsakar gida muka jiyo Inna tana salati, tana tambayar ina muciya.