Mai faci a saman ɗakin amarya

Bara Alhaji ya ƙara aure, ya rushe garejin mota a gidansa na Rijiyar Zaki ya tada ciki da falo, aka zuba dekin, aka shimfiɗa wata baƙar roba a sama wai irin ta Turai ce bata yoyo. Sai ga ruwan Agusta, ƙarfe biyun dare.

Amarya: Alhaji tashi ka gani, yau kan gado yake zuba.

Alhaji: Ki matsar da gadon mana.

Amarya: Jiya na matsar ya biyo ni. Robobi bakwai na siyo a Ƙofar Wambai duk sun cika, har kular da aka kawo min ta biki na tara. Ni dai wannan ruwan ba na Allah da Annabi bane, aiko shi akai, in ba haka ba ya za'ai ya tsallake ɗakin kwano mai shekara ashirin yazo ya samu sabon ɗaki?

Hajiya (ta taga): Ina jinki fa. Da ina da aiken ruwa ai durom ɗina zan fara cikawa, ni da kullum sai na tare ɗan garuwa.

Da safe Alhaji ya kira waɗanda suka shimfiɗa robar, yana jin kuɗin zuwa dubawa kawai yace netwok babu kyau ya kashe. Can sai gashi da Ɗanliti yana ɗauke da famfon iska.

Hajiya: Alhaji wannan ba mai facin bakin titi bane?

Alhaji: Rufin da me akai shi? Roba. Taya da me akai ta? Roba. Toh ina matsalar?

Ɗanliti: Hajiya kar ki damu, daga keke har adaidaita har tirela babu wanda ban ɗinke ba.

Suka kafa tsani suka hau. Ruwa kwance har idon sawu.

Ɗanliti: Alhaji ina bawul ɗin?

Alhaji: Wane bawul kuma?

Ɗanliti: Inda ake bashi iska. In ban hura ba ta ina zan ga huji? Sai dai a ɓanɓaro shi gaba ɗaya mu kai gindin bishiyata in tsoma a baho, duk inda yai kumfa nan ne.

Alhaji: Ka shafa yawu mana kamar yadda kake yi wa tayata.

Ɗanliti: Yawun da zai zagaye rufin nan sai an tara unguwa, kuma yau Litinin rabinsu azumi suke.

Alhaji: Bari, akwai ragowar kwalta a sito, a narka a malale ko'ina a huta.

Baba magini (yana hawowa da ƙyar): Kul! Kul Alhaji. Kwalta ta wancan shimfiɗar ce da ake gasawa da wutar gas. Wannan robar ba ta shiri da duk abinda ya fito daga man fetur, kumbura take ta yi laushi.

Ɗanliti: Gaskiyar Baba. Tif ya sha kalanzir ka ganshi kamar alkubus.

Alhaji: Baba wa ya kira ka?

Baba: Hajiya. Tace in zo kafin ka ƙona gidan. Kai yaro miƙo min sandar can. Kun tsaya a tafki kuna neman huji, babu wanda ya kalli indararo.

Ya zura sanda. Ledar fiya wata ta fito, ganyen darbejiya, silifa ƙafa ɗaya, ƙwallon yara, sai ruwan ya ɓalle gaba ɗaya ya sauka a lungu.

Murya daga ƙasa: Innalillahi! Wane azzalumin ne? Wankina da guga!

Alhaji: Kowa ya tsuguna, liman ne.

Baba: Mu da muka tashi a soro, azara ce da ƙasa, amma duk shekara kafin ruwan fari sai an hau an share an sake yaɓe, ga makuba ga katsi daga marinar Ƙofar Mata, kuma rufin da ɗan gangare muke yinsa ruwa bai isa ya kwana ba. Ku kuwa kun zuba siminti shafal kamar faranti, rana ta gasa shi wata uku ruwa ya kwanta masa wata uku, babu mai leƙowa, sannan ace kishiya.

Amarya (daga ƙasa): Baba saitin gado zaku duba.

Baba: 'Yata inda yake ɗiga daban inda ya shiga daban. Shiga yake ƙarƙashin robar yai ta tafiya a kan dekin sai ya samu tsaga ya sauka. Haɗi ake fara dubawa, da gindin katanga, da bakin indararo.

Suka bi haɗi da yatsa, lafiya lau. Gindin katanga lafiya lau. Ɗanliti ne ya tsuguna a tsakiya.

Ɗanliti: Gashi. Ga wani. Uku. Huɗu. Baba wannan ƙusa ce 'yar inci uku, na san hujin ƙusa kamar yunwar cikina.

Amarya: Ƙusa huɗu kusurwa huɗu? Na faɗa, kafi akai min!

Hajiya: Baba auna min tsakaninsu.

Baba: Ƙafa shida, nan kuma huɗu da rabi. Ikon Allah, kamar katifa. Ga ma guntun igiya a jikin rodin nan, irin ta gidan sauro.

Alhaji: Baba hadari fa, mu yi sauri.

Hajiya: Alhaji. Watan Afrilu da ake zafin nan babu nepa, ranar girkina, ba cewa kai kuna kwana a Kwari kuna lissafin kaya ba? Kuma guduma ta ɓata a satin.

Amarya: Ni ma ranar girkina lissafi yace min!

Alhaji: Ku saurara. Ɗakinki kwano kamar tanda, ɗakinki dekin kamar gidan burodi, ga mita ta ko'ina. Iska ce ke ɗage min net, na ɗan kafe gefensa.

Ɗanliti: Kwana nawa kai Alhaji?

Alhaji: Kai faci aka kawo ka ko shari'a?

Baba: Gyaran ba wuya. A wanke wajen tas a bari ya bushe ƙarau, a yanko irin robar a zagaye kusurwarta don kar ta ɗago, a shafa gam ɗinta a jira sai ya daina bin yatsa, a ɗora a murje da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki.

Ɗanliti: Wallahi sana'ata ce sak, iska kawai aka cire.

Baba: Amma banda facin wuta, banda tsohon tif. Ragowar robar tana ina?

Hajiya: Ita nake shanya kuɓewa a kai, kuma ban bayarwa.

Baba: Toh bari in leƙa Ƙofar Ruwa ko a dace.

Ya sauka abinsa.

Ɗanliti: Huji huɗu, dubu bibbiyu.

Alhaji: Taya ma nawa kake min? Ka yi uku, na huɗun saitin falo yake, falo akwai tayil.

Iska ta taso daga gabas, yayyafi ya fara. Alhaji ya juya zai sauka.

Alhaji: Ina tsanin? Hajiya! Ke amarya! Wa ya ɗauke tsani?

Hajiya: Mu biyu muka kama, da nauyi.

Amarya: Yaya in jefa masa net ɗin?

Hajiya: Jefa masa, haɗa da guduma.

Ɗanliti: Alhaji ni fa zaman jira ma kuɗi ne, kuma na bar yaro a shago.