Tafkunan Damagaram ba filayen sayarwa ba ne

A nan Kigali, babban birnin Ruwanda, inda aiki ya zaunar da ni, hukuma ta daina kallon fadama a matsayin wurin banza da ake jiran a cike shi da ƙasa a yi gini. Masana'antun da ke cikin fadamar Gikondo an tashe su zuwa wani wuri dabam, ita kuwa fadamar Nyandungu, mai faɗin kadada kusan 120, an yashe ta, an dasa mata itatuwan ƙasar, aka buɗe ta ga jama'a a 2022. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan da ke gangarowa daga tuddai yana samun inda zai tsaya ya huce kafin ya wuce, maimakon ya afka wa gidaje.

Mu a Damagaram tafkuna ne ke yi mana wannan aiki tun zamanin kakanni. Garin yana zaune bisa dutse, ƙasa ba ta shan ruwa sosai, saboda haka duk abin da sama ta zubo sai ya nemi kwari, kuma yawancin ramukan nan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne suka zama masaukinsa. Yau ana cika bakinsu da shara da leda, daga baya wani ya zo da takarda ya ce fili ne, ya aza tubali. Ruwa ba ya duba takarda. Idan aka hana shi wurinsa, sai ya shiga unguwa ya jiƙa gindin katangun laka. Daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ta nuna irin ruwan da ya kamata mu shirya wa. Abin takaici shi ne garin da ke nutsewa a watan Agusta shi ne ke layin jarkoki a watan Afrilu, yana dogaro da ruwan da ake janyowa daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Aroungouza, da Ganaram.

Za a ce tafki gidan sauro ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma tafkin da ake yashewa, aka zuba masa kifi, aka kewaye shi da itatuwa, aka hana zuba masa shara, ba ɗaya yake da wanda aka mayar juji ba. Ruwanda ta hana leda tun 2008 kuma dokar tana aiki. Nijar ma ta yi tata a 2014, sai dai duk wanda ya leƙa magudanan ruwanmu ya san inda ta tsaya.

Ba na kiran a kwafi Kigali baki ɗaya. Ruwan saman da take samu ya ninka namu fiye da sau biyu, don haka shimfiɗa ciyawar ado a Damagaram ɓarnar ruwa ce, kuma yadda aka tashi talakawa daga wasu fadamun Kigali ba abin sha'awa ba ne. A batun itatuwa ma, mu ne ya kamata a zo a koya a wurinmu. Manoman Magaria da Matamaye da Mirriah, ta hanyar sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona maimakon a sare shi, sun cika gonakinsu da gawo ba tare da gandun reno ko tankar ban-ruwa ba, har aka ƙiyasta kadada miliyan 5 da suka farfaɗo a kudancin Nijar. Tun kafin su, ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun ya ɗora wa mai saran gawo.

Wannan ilimi ne bai shigo cikin gari ba. Kowace ranar 3 ga Agusta, ranar bikin itatuwa a Nijar, ana dasa itatuwa ana ɗaukar hoto, kafin rani ya ƙare awaki sun cinye yawancinsu, domin ba a damƙa wa kowa amanarsu ba. Da ma'aikatar magajin gari za ta shata iyakar kowane tafki a rubuce, ta hana yanka fili a cikinsa, ta ba masu unguwanni da matasa aikin kula da aduwa da kurna da gawo da bedin da za su tashi a bakinsa, da kuɗin da za a kashe bai kai na gina magudanar siminti guda mai tsawo ba.